Dala mai shekarar 1780: auna lafiyar kwandala da tantance irinta

1. Gabatarwa

Cikin nazarin kalmomin kuɗi da ciniki akwai wani fanni da Hausa ba ta riga ta tsayar wa kalmomi ba, watau aikin kamfanonin da ake aika wa tsofaffin kwandaloli domin su duba su, su ba su mataki, su faɗi irinsu. A nan « kwandala » na nufin kowane kuɗi na ƙarfe. Za mu bayyana aikin ta hanyar misali guda wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu: dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda wasu ke kira liyari. Barth ya tarar ana canza ta a kan wuri 2500 a Kano a 1851. Sunanta ne ya koma kan azurfar Faransa ta tamma 5, ya kuma zauna a bakinmu har yau, inda dala ashirin ke nufin tamma 100.

Abin da muke son nunawa shi ne, mai aika kwandala tambayoyi biyu yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Ta farko: yaya lafiyarta? Ta biyu: wace ce ita, daga wane gidan bugu ta fito, a wane zamani? Amsar ɗaya ba ta ba da amsar ɗayar, kuma kowace da ladanta.

2. Ma'aunin lafiya

Ma'aunin da manyan kamfanoni ke aiki da shi ya taso daga littafin da William Sheldon ya wallafa a Amurka a 1949 a kan kwabban jan ƙarfe na 1793 zuwa 1814. Ya jera su daga 1 zuwa 70, bisa tunanin cewa kwabon da bai taɓa shiga hannu ba ya ninka suɗaɗɗe sau 70 a farashi. Lissafin farashin ya daɗe da rushewa, lambobin kuwa suka tsaya. Ba duka ake amfani da su ba: daga 1 zuwa 58 ana tsallake da yawa, daga 60 zuwa 70 ne ake bin su ɗaya bayan ɗaya, jimla matakai 30 ke nan. Kamfanin PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC, na 1987, su suka yaɗa ma'aunin a duniya, tare da al'adar rufe kwandala cikin gidan roba.

A Faransa kalmomi ake amfani da su: beau, très beau, très très beau, superbe, splendide, fleur de coin. Mai nazarin harshe zai lura nan take cewa duk kalmomin yabo ne, har na ƙasan tsani. Kwandalar da aka kira beau, « kyakkyawa », ta suɗe ƙwarai, da ƙyar ake rarrabe zanen gashi da na tufafi. Haka yake a Ingilishi, inda Good, « mai kyau », ke daidai da 4 ko 6 cikin 70. Dalili bai ɓuya ba: dillalai ne suka raɗa sunayen, ba mai sayarwa da zai ce hajarsa mummuna ce, sai dai a yi ta ƙara sabon yabo a bisan tsohon. Ma'anar kowace kalma a nan daga matsayinta cikin jerin take fitowa, ƙamus ba ya taimakon mai karatu. Wanda ya fassara très beau da « mai kyau sosai » ya fassara daidai, ya kuma ɓatar da mai saye.

A kula da wani tarko ga masu karanta harsunan biyu: coin na Faransanci shi ne hatimin ƙarfen da ake bugawa da shi, coin na Ingilishi kuwa ita ce kwandalar da aka buga. Fleur de coin na nufin wadda ta fito daga ƙarƙashin hatimi ba abin da ya same ta.

Abin da mai dubawa ke nema shi ne suɗewa a wuraren da suka fi tudu, da tabo, da ƙarfin bugu, da sheƙin asali, watau hasken da ƙarfe ke samu sa'ad da hatimi ya matse shi ya malala. Iyakar da ta fi nauyi tana tsakanin 58 da 60. Daga 60 zuwa sama babu suɗewa ko kaɗan, kuma haruffan MS da ake sa wa waɗannan matakai na nufin « kamar yadda ta bar gidan bugu ». Amma kwandalar 60 na iya cika da tabon karo da ƴan'uwanta cikin buhu, ta 58 kuwa ta fi ta kyan gani nesa, sai ɗan gogen yatsa a kunci. Lambar tana auna tarihin fatar ƙarfe ne kafin ta auna kyau.

3. Yadda ake aikawa

Hanyar ba ta da wuyar bayani. Mai kwandala na biyan kuɗin zama mamba, ko ya bi ta hannun dillalin da kamfanin ya yarda da shi. Ya cika takarda, ya faɗi ƙimar da yake zato, domin da ita ake yanke lada da inshora. PCGS na da ofishi a Paris, NGC a Munich da Landan. A can ana fara tabbatar da cewa ba jabu ba ce, sannan masu dubawa fiye da ɗaya su ba da lamba, a rufe ta cikin gidan roba tare da takarda mai lambar shaida da ake iya bincikawa a intanet. Tantance iri, a mafi yawan lokuta, sai an roƙa an kuma biya dabam, kuma kamfanin ba ya rubuta sai irin da ke cikin jerin da ya amince da shi. Ya kamata a duba jerin kafin a biya.

4. Shekarar da ba ta motsi

A nan ne dalarmu ta fi koyarwa. Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma kasuwannin Gabas da na Afirka sun riga sun saba da fuskarta, saboda haka aka ci gaba da bugawa ba a taɓa shekarar ba. An buga ta a Günzburg, da Viyana, da Milan, da Venis. A 1858 ta daina zama kuɗin ciniki a Ostiriya, bugu bai tsaya ba. A 1935 Italiya ta karɓi hatimai ta shiga bugawa a Roma saboda yaƙin Habasha. Daga 1936 Landan ta bi, sannan Paris, da Buruksel, da Bombai, da Birmingham. Gidan bugu na Viyana na yin ta har yanzu. An ƙiyasta cewa waɗanda aka buga sun haura miliyan 300. Ke nan 1780 a jikinta suna ne, kamar sunan kaka da ake mayar wa jika.

Tunda shekara ba ta magana, sai a koma ga ƙananan alamu. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton na jami'an gidan bugu na Günzburg ne, Schöbl da Faby, amma masu bugun baya sun kwafe su, saboda haka ba su isa shaida ba. Ana duba rubutun baya: tsofaffin bugu da yawa na da AUST, na baya-bayan nan AVST. Ana ƙirga duwatsun da ke kambin sarauniya da na maɓallin kafaɗarta. Ana duba siffar alama mai kama da X da ke bin shekarar, da adon da ke raba kalmomin gefe, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Ana kuma ƙirga gashin wutsiyar gaggafa: bugun Viyana na zamani na da uku a tsakiya, na Landan biyu. Broome (1972), da Leypold (1976), da kundin Hafner wanda lambobinsa suka zama abin ambato wurin dillalai, duk a kan irin waɗannan bambance-bambance suka gina jerinsu. Amurkawa ma wutsiya suke ƙirgawa a dalarsu ta Morgan ta 1878, wadda ke da mai gashi 8 da mai 7.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa kwatanta kwafe-kwafen rubutun ajami. Mai sassaƙa hatimi kwafi yake yi, kuma kowane mai kwafi na barin sawunsa: ya rage ɗigo, ya sake harafi, wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji canjin. Da tarin alamu ake danganta kwandala ga wani gida, alama guda ba ta yanke hukunci. Ƙirgar ma ba masana suka fara ta ba. An ruwaito cewa a kasuwannin Habasha da na ƙasar Larabawa ana ƙin dalar da duwatsun maɓallinta suka suɗe. Auna lafiya ke nan tun kafin a yi gidan roba.

5. Abin da ke samun dalolin gidajenmu

Yawancin waɗanda suka rage a Damagaram, da Maraɗi, da Tawa sun rayu ne a matsayin ado. Waɗanda maƙeran fari ba su narke ba an huda su, ko an liƙa musu kunne don rataya, kuma an sha goge su da toka ko lemun tsami. Kamfanoni ba sa ba irin wannan kwandala lamba. Suna tabbatar da cewa ta gaske ce, su faɗi kimanin suɗewarta da kalma, su rubuta aibin: an goge, an huda, an cire kunne. A wurin PCGS lambar aibi 92 ita ce ta gogewa. Farashi na faɗuwa ƙwarai.

Gogewar ce ta fi ba da takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta, sau da yawa ma ana gab da kai dalar wurin mai saye. Toka na barin siraran zane masu bin hanya guda waɗanda gilashin ƙara girma ke nunawa, tana kuma kankare sheƙin asali, wanda ba ya dawowa. Baƙin tsufa da mai gida ke gani dauɗa, mai tarawa shaida yake ganin sa.

Saboda haka a ganinmu tsarin da ya dace shi ne a fara da tambaya ta biyu, a gida. A auna nauyi: dalar ƙwarai gram 28 ce da ɗan ɗoriya, azurfarta kashi 833 cikin 1000, watau wajen gram 23,4 na tsantsa. A duba AUST ko AVST, a ƙirga wutsiya. In ta fito sabon bugu, kuma mafi yawa haka suke, ƙimarta ba ta yi nisa da ta azurfar da ke cikinta ba, ladan dubawa da inshora da kuɗin aikawa zuwa Turai da komowa na iya cinye ta. In alamun sun nuna tsohon bugu mai wuyar samu, aikawa na da ma'ana ko da an huda ta, tunda huji na rage mataki amma bai sake gidan da ta fito ba.

6. Kalmomi

Muna ba da shawarar waɗannan, don muhawara: « lafiyar kwandala » a madadin état de conservation, « mataki » ga lambar, « hatimi » ga coin, « sabon bugu » ga refrappe. Wadda ba ta gamsar da mu ba ita ce « iri » a madadin variété. A Hausa iri na da faɗi: dala iri ce, tamma iri ce, mai gashi biyu da mai uku su ma iri-iri ne. Faransanci na raba type da variété, mu kuwa kalma guda ke ɗauke da duka biyu. « Reshe » na iya cike gurbin na biyun, a ce dalar 1780 iri guda ce mai rassa da yawa. Kafin a tsayar, zai yi kyau a ji abin da maƙeran fari na Zinder da Agadas ke kiran waɗannan bambance-bambance, su da suka daɗe suna juya dalar a hannu kafin su jefa ta wuta.