Gamba a Ƙasar Kurfai: Siffarta da Mazauninta

Gamba ita ce ciyawar da ake saƙa zana da ita, a katange gida ko a ɗinka rumbu. Masana tsirrai suna kiran ta Andropogon gayanus, sunan da Bajamushe Kunth ya sa mata a 1833. Zabarmawa kuwa, maƙwabtan Kurfayawa, subu nya suke ce mata, watau uwar ciyawa. A wannan maƙala za mu duba siffarta, da kuma dalilin da ya sa ba a samun ta ko'ina a ƙasar Kurfai (Kurhwai a bakin masu ita).

Galibin ciyawar wannan yanki ta damina ɗaya ce. Ƙarangiya da burburwa da kyasuwa sukan tsira daga iri, su zubar da wani irin, su mutu da kaka. Gamba kuwa tushenta yana nan da rai shekara da shekaru. Takan yi kumbu guda mai kauri, karanta ya miƙe ya kai mita 2 zuwa 3, har ya wuce haka inda ƙasa ke da daɗi. Ganyenta dogo ne siriri, da farar jijiya a tsakiya. Idan damina ta ja baya, wajen watan Oktoba, sai ta fid da kai: ƴan zangarnu biyu-biyu masu gashi, a buɗe kamar yatsu biyu. Irin ba shi da nauyi, kuma mafi yawansa kusa da uwa yake faɗuwa.

Asirin ƙarfinta yana cikin ƙasa. Saiwarta iri uku ce. Akwai ƙanana masu yaɗuwa dab da fuskar ƙasa, su ne ke tsotse ɗan yayyafin farko. Akwai masu kauri kamar igiya, waɗanda ke riƙe tushen, suna kuma ajiye abinci. Sa'an nan akwai masu nutsawa ƙasa sosai don neman laima da rani. Saboda haka ne takan jure rani na wata 9, ta kuma yi toho tun bazara, lokacin da sauran ciyawa ba ta ko tsaga ƙasa ba. Makiyayi ya san darajar wannan toho, domin shi ne ɗanyen abincin farko da shanu ke samu bayan yunwar rani.

Amma fa juriyar tana da iyaka. Gamba ta fi son inda ruwan sama yake kaiwa milimita 400 zuwa 1,400 a shekara, Filinge kuwa tana bakin wannan ma'auni ne daga ƙasa, sau da yawa ma ba ta kai shi. Watau a nan gamba tana zaune a gefen ƙasarta, shi ya sa take zaɓen wuri. Tana son jigawa mai zurfin rairayi, da gindin tudu inda ruwa ke gangarowa, da kwarin Dallol Bosso, tsohon kogin nan da ya ƙafe, wanda ruwan ƙasa ba shi da nisa a cikinsa. A kan fako da tsandaurin tuddai ba ta kama ƙasa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe tushen ciyawa mai tsawon rai a wurare da yawa na Sahel, kuma tushen da ya mutu ba ya saurin samun magaji, tun da irin ba ya nisa, ɗan tsiron kuma bisashe ke cinye shi kafin ya kafu. Inda ta fi tsira yau shi ne iyakar gonaki, inda manomi ke barin ta da gangan, ta nuna iyaka, ta tare iska, ya yanka da kaka.

Abin mamaki, ciyawar da muke lallashi a nan ta gagara a wata ƙasa. Irin da aka ɗauka daga tashar bincike ta Shika, kusa da Zariya, an ba makiyayan Kolombiya da Brazil shi a 1980. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta don kiwo, ta bazu cikin daji, tana haddasa gobara mai cin manyan itatuwa, har gwamnati ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi a 2012.

Akwai wata matsala ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. Hausa ba ta da kalma guda da ke raba ciyawar da ke mutuwa da kaka da wadda tushenta ke kwana. A ganinmu, «ciyawar damina ɗaya» da «ciyawa mai toho daga tushe» sun isa, domin manomi zai gane su ba tare da an yi masa fassara ba. Ya kamata kuma mai bincike ya zauna da masaƙan zana na Kurfai, ya rubuta sunan da suke ba kowane sashe na gamba, daga toho har zuwa busasshen kara, da lafazinsu na Kurhwayanci, kafin a kai ga ƙirƙiro wata sabuwar kalma.