Ciwon Gwiwa a Tsakanin 'Yan Dakonmu na Kurmi

Duk wanda ya zauna da 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu, musamman 'yan dako masu sauke buhunan albasa da wake daga manyan motocin Arewa, lalle zai lura cewa kukan ciwon gwiwa ya yawaita a cikinsu, har akan ga magidanci bai kai arba'in ba yana salla a zaune. Galibinsu sanyin Kurmi suke ɗora wa laifi, alhali kuwa asalin illar yana ga yadda ake juyawa da kaya a ka.

Allah cikin hikimarSa ya halicci gwiwa don ta lanƙwashe ta miƙe, murɗawar da take jurewa kaɗan ce ƙwarai. Ya kuma sanya guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, da jijiyoyi biyu da suka gitta juna a ciki suna riƙe gaɓar. To, idan ɗan dako ya aza buhu, ƙafarsa ta kafe a taɓon damina, wadda a Fatakwal takan cinye akasarin shekara, sa'an nan ya juya ƙugunsa don ya kauce wa mai baro, ita kuwa ƙafar ba ta bi shi ba, nan guringuntsin yake tsagewa, ko jijiyar ta tsinke. Sai a ji ƙas, sai kumburi, daga baya gwiwar ta riƙa sarƙewa, sujada da zaman tahiya su zama azaba.

Abin da ya fi ciwon muni, a ganina, jinkiri ne. Wanda abincinsa na yau yake ga dakon yau ba ya kwanciya. Sai ya ce targaɗe ne, ya tafi wajen maɗori, ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi, ya koma bakin mota. Maɗori ɗorin karaya ya saba yi, amma sashen ciki na guringuntsin nan jini ba ya isa gare shi sosai, saboda haka da wuya ya haɗe da kansa, kuma sau da yawa ƙarshensa amosanin gaɓa ne tun kafin tsufa.

Shari'a ta yi rangwamen salla a zaune ga mai uzuri, ba ta kuwa hana neman magani ba. Akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Inugu, takwaran na Dala a Kano. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan dako su kafa asusun da zai ciyar da iyalin majinyaci har likita ya duba shi.