Masu sa takarda ta miƙe tsaye a Keffi

A rufe, katin bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, kuma babu abin da ya bambanta shi da sauran katunan biki. Sai an buɗe shi ƙubbar masallaci take miƙewa daga tsakiya, hasumiya ɗaya a kowane gefe. A wani katin, wani ɗan harshen kwali ne ya leƙo ta ƙasa: kana jan sa hotunan amarya da ango su riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya. Babu batir a ciki, babu waya. Kwali ne da gam da lissafi, sai hannun wanda aka ba kyautar.

Masu wannan sana'a a Keffi ba su da layi nasu a kasuwa yadda teloli da maƙera suke da shi. Aikin tebur ɗaya ne, ana yin sa a ɗaki ko a kusurwar shagon buga takardu, ciniki kuma ta waya ake ƙulla shi. Garin ne ya ba sana'ar wurin zama. Keffi garin makarantu ne tun da aka kafa Kwalejin Gwamnati a 1949, ga kuma Jami'ar Jihar Nasarawa da ta cika Unguwar Lambu da ɗalibai. Inda matasa suka taru ba a rasa dalilin ba da kati: ranar haihuwa, kammala karatu, bankwana da malami, neman aure. Ga Sallah biyu a shekara, ga Kirsimeti, domin Keffi gari ne na Musulmi da Kirista, ga walimar saukar Alƙur'ani. Abuja kuma tafiyar kilomita 50 ce ko sama kaɗan, ta hanyar Masaka da Mararraba, can ake samo kwali mai kyau, can kuma ake samun mai biyan kuɗin aikin hannu ba tare da dogon ciniki ba.

Kayan aikin ba su da yawa: reza mai kaifi, almakashi, rula ta ƙarfe, fensir, gam, kintinkiri, da ƙaramar ƙusa mai ƙafa biyu da ake lanƙwasawa a baya don faifai ya riƙa juyawa. Akwai kuma biron da tawadarsa ta ƙare, wanda mai kati ba ya yarwa. Da shi ake jan layi a kan kwali kafin a naɗe, a danne ba tare da an yanka ba, don naɗin ya fita tsaf, fuskar kwalin ba ta tsage ba.

A naɗin nan ne sana'ar take. Takardar rubutu ta yau da kullum, mai nauyin giram 80, ba ta iya ɗaukar kanta. Kwalin da ya wuce giram 300 kuma taurin kai gare shi, ba ya son lanƙwasa. Tsakanin 200 da 250 ne yawanci ake samun wanda zai tsaya kuma ya kwanta. Takarda kuma tana da jijiya, wato ɓangaren da zarenta ya bi tun daga masana'anta. In ka naɗe ta bisa jijiyar sai ta bi ka, in ka gitta sai ta fashe. Gwani yakan ɗan lanƙwasa kwalin ta nan da ta can kafin ya sa reza, yatsunsa su gaya masa. Daga nan sai a zo kan kusurwa. Abin da zai miƙe a tsakiyar kati ana liƙa ƙafafunsa biyu ne a gefe da gefen naɗin tsakiya, su buɗe kamar bakin almakashi. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya sa ƙubbar ta karkace, ko kanta ya leƙo waje in an rufe katin. Shi ya sa ba a fara aiki da kwali mai tsada. Sai an gwada da farar takarda, an buɗe an rufe har an tabbata, sannan a warware gwajin a mayar da shi ma'auni. Waɗannan ma'aunai su ne jarin mai kati na gaskiya, kuma ba ya ba da aronsu da sauƙi.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da damina kwali yakan sha danshi ya lanƙwashe, gam ya ƙi bushewa, harshen da ake ja ya riƙa cijewa a hanyarsa. Da hunturu gam na bushewa kafin ka daidaita abin da kake liƙawa, ƙura kuma ba ta barin farin kwali da farinsa.

Dabarar ta girmi katin gaisuwa nesa ba kusa ba. Faifan takarda mai juyawa ya fara ne a littattafan ilimi, inda ake lissafin kwanan wata da tafiyar taurari da shi, kuma littafin da Petrus Apianus ya buga a Jamus a 1540 ya shahara da irin waɗannan faya-fayan. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito ne a Landan a 1843, bisa umarnin Henry Cole, kuma shimfiɗaɗɗe ne, ba ya motsi. A ƙarshen wannan ƙarni ne Lothar Meggendorfer na birnin Munich ya ƙware wajen ɓoye 'yan sandunan kwali a bayan shafi, ta yadda jan harshe ɗaya zai motsa hannu da kai da ido a lokaci guda. A shekarun 1980 wani malamin zanen gine-gine a Japan, Masahiro Chatani, ya yaɗa salon yanka takarda guda ɗaya ta zama gini in an buɗe ta. Ƙubbar da ke tashi a katin Sallah jikanyar wannan salon ce.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda aikin yake komawa namu idan ya faɗa hannun mai tunani. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ƙawata rubutu: duk wanda ya ga zayyanar allon sauka ya san muna da ido a kan layi da launi. Kuma da yake masu saye da dama ba sa son siffar abu mai rai a katin addini, sai mai kati ya koma ga jinjirin wata, da dagi, da zanen zankwayen soro. Waɗannan siffofi masu daidaiton gefe biyu ne, abin da naɗin tsakiya yake so ke nan. Ina ganin asara ce mai hannu irin wannan ya ƙare a kwaikwayon zuciyoyi da furannin da ya gani a YouTube, alhali ƙofar fadar garinsu tana nan tana jiran wanda zai yanka ta a kwali.

Katin gayyata na gama-gari ya sha kashi a hannun WhatsApp, yadda shi ma a da ya rage wa rabon goro da alewa kasuwa. Kati mai motsi bai shiga wannan gasar ba, domin ba a yin sa ɗari biyar. Guda ɗaya ake yi, ko goma na manyan baƙi, wanda za a kai wa surukai ko hakimi hannu da hannu.

Wahalar tana wajen farashi. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar, saboda haka kwali mai kyau daga waje yake zuwa, kuma duk lokacin da dala ta tashi yana bin ta. Mai saye kuwa takarda yake gani, ba ya ganin yinin da aka yi ana gwaji. Sai ka ji an ce, "Haba Malam, kwali ne fa!" Masu wayo a cikin masu kati ba sa gardama. Sukan miƙa wa Hajiya samfuri a rufe su ce ta buɗe da kanta, sai bayan ƙubbar ta tashi a hannunta ake maganar kuɗi, kuma rabin kuɗin ake karɓa kafin a sa reza, domin katin da aka rubuta sunan wani a kai ba ya sayuwa ga kowa.