Mallaka Ma Tana Da Iyaka

A Gummi ko Anka, da zarar magidanci ya juya wa mahaifiyarsa baya, sai ka ji an ce matarsa ta mallake shi. Finafinan Kano sun ba wannan zance gindin zama: boka ya ba da ƙulli, miji ya zama raƙumi da akala.

Abin mamaki, waɗanda suka mayar da sihiri abin wasa sun fi mu tsantseni. A Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, 'yan wasa kan kewaye tebur suna ƙaga labari, ƙwaya irin ta lido tana raba gardama. A dokokinsa na 2014, ƙaramin sihirin jan zuciya sa'a ɗaya yake yi. Wanda aka yi wa zai ɗauke ka aboki kawai, ba ubangida ba. Ka cuce shi, asiri ya karye. In ya warware, ya san abin da ka yi masa. A ganina sun fahimci cewa idan aka ƙwace wa mutum zaɓi, labari ya mutu.

Marubutanmu kuwa sun saki asiri ba linzami, wataƙila don yana wanke miji ya ɗora wa mace laifi. Tsohuwar da aka bari ba hatsi a Bukkuyum, ba a taɓa tuhumar ɗanta, sai surukarta.