BABI NA UKU: YAYIN 'YAN TSANA A SANA'AR INJIN CAFKE

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana dalilan da ke sa masu sana'ar injin cafke su fifita wasu 'yan tsana a kan wasu. Abin da ake nufi da injin cafke a wannan nazari shi ne akwatin nan na gilashi da ake cika shi da kyaututtuka, mai wasa ya jefa tsabar kuɗi, sa'annan ya sarrafa wasu yatsun ƙarfe da ke rataye a sama domin ya cafko abin da yake so. An zaɓi ƙasar Japan a matsayin misali, saboda sana'ar ta yi ƙarfi ƙwarai a can. Abin da babin ke son nunawa shi ne, 'yar tsanar da ke cikin akwatin ita ce ginshiƙin cinikin, kuma zaɓenta ya dogara ne a kan abubuwa uku, wato farin jini da doka da kuma siffa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihi

Asalin injin daga Amurka yake, inda aka kwaikwayi manyan injinan haƙa irin waɗanda aka yi aikin mashigin ruwa na Panama da su. A farko alewa da kuɗi da ƙananan kayan ado ake zubawa a ciki. A shekarar 1951 aka yi wata doka a Amurka mai suna Johnson Act, wadda ta sa aka lissafa waɗannan injina cikin kayan caca, abin da ya jawo wa sana'ar koma baya.

A Japan kuwa, kamfanin Sega ya fito da injin UFO Catcher a shekarar 1985. Wannan inji yatsu biyu gare shi, kuma an ɗaga kayan da ke cikinsa daidai idon mai wucewa. Daga farkon shekarun 1990, da aka soma zuba 'yan tsana masu laushi na taurarin majigin yara irin su Anpanman, sai mata da ƙananan yara suka fara shiga gidajen wasa, waɗanda a da galibi samari ne ke zuwa.

3.2 Farin Jinin Tauraro

Abu na farko da mai sana'a ke dubawa shi ne ko jama'a sun san fuskar 'yar tsanar. Ana iya kasa waɗannan taurari gida biyu. Kashi na farko su ne masu daɗewa, waɗanda yayinsu ba ya wucewa da sauri. Alal misali, akwai Hello Kitty ta kamfanin Sanrio da aka ƙirƙiro a 1974, da halittun Pokémon da suka fito a 1996, da Rilakkuma na kamfanin San-X na shekarar 2003. Da irin waɗannan ne mai sana'a ke samun cinikin yau da kullum.

Kashi na biyu su ne 'yan yayi, waɗanda ke tashi tare da wani fim ko wani labari a intanet. Misali a nan shi ne taurarin Kimetsu no Yaiba, wanda fim ɗinsa ya fito a 2020, da kuma Chiikawa da aka soma wallafa zanensa a Twitter a wannan shekarar, aka mayar da shi majigi a 2022. A Amurka ma an ga haka da Squishmallows da suka fito a 2017. Ribar wannan kashi tana da yawa, amma haɗarinsa shi ne da zarar yayi ya wuce, sai kaya su yi kwantai.

Daɗin daɗawa, kamfanoni irin su Sega da Taito da FuRyu suna yin 'yan tsana na musamman waɗanda ba a sayarwa a kanti, sai a cikin injin kaɗai. Wannan ke sa mai sha'awa ya yi ta jefa kuɗi, tun da yake ba shi da wata hanyar samun sabuwa kai tsaye.

3.3 Iyakar Doka

Abu na biyu shi ne farashi. Hukumar 'yan sandan Japan ta ƙayyade kimar kyautar da za a sa a injin, domin kada wasan ya rikiɗe ya zama caca. Iyakar ta kasance yen 800 tun daga 1997, sa'annan aka ɗaga ta zuwa yen 1,000 a 2022. Galibi kuma yen 100 ake jefawa a kowane gwaji. Ke nan idan mai sana'a ya sa 'yar tsanar da kimarta ta kai iyakar, yana bukatar fiye da gwaji goma kafin a ci ta, in har zai biya haya da wuta da ma'aikata. Wannan ne ya sa 'yar tsana mai laushi ta fi karɓuwa, domin yadi da auduga ba su da tsada, amma suna cika ido.

3.4 Siffa da Nauyi

Abu na uku shi ne yadda 'yar tsanar ke zama a tsakanin yatsun ƙarfe. Mai hannuwa da dogayen kunnuwa tana da saurin maƙalewa, saboda haka ana cin ta da wuri. Kewayayya mai santsi kuwa tana sulluɓewa. Haka kuma mai sana'a yana da ikon saita ƙarfin yatsun, har ma akwai injinan da ba su riƙe kaya da ƙarfi sai an jefa wani adadi na kuɗi. A nan ne amana ke shigowa. Idan aka sassauta, riba ta tafi. Idan kuma aka tsananta, jama'a su watse. A watan Disamba na 2017 'yan sanda a birnin Osaka sun kama masu wani gidan wasa bisa zargin zamba, saboda sun saita injinansu yadda ba mai iya cin komai.

3.5 Naɗewa

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa yayin 'yan tsana a wannan sana'a ba haka kawai yake faruwa ba. Masu fim da masu zane su ke haifar da farin jini, hukuma ita ke yanke farashi, mai sana'a kuma shi ke auna siffa da ƙarfin yatsu. Wanda ya iya haɗa ukun, kuma ya bar masu wasa suna ci lokaci-lokaci, shi ne cinikinsa ke ɗorewa. Babi na gaba zai duba ɓangaren masu wasan da kansu.