Ɗakin Zane a Kamfanin Taliya

A wani babban kamfanin sarrafa abinci da ke Sharaɗa a Kano, akwai ɗan ƙaramin ofis kusa da sashen kasuwanci wanda ma'aikata ke kira ɗakin zane. Duk abin da ke ɗauke da tambarin kamfanin daga nan yake fitowa: ledar taliya, kwalin da ake jera ta, allon talla na bakin titi, rigunan direbobi, har da kalandar da ake raba wa diloli a ƙarshen shekara.

Mai zanen da ke zaman kansa yau fostar ɗan siyasa yake yi, gobe katin biki. Na kamfani kuwa fuska ɗaya yake gadi shekara da shekaru. Mai saye a Kasuwar Singa ko a kantin unguwa ba kasafai yake kiran suna ba, cewa yake a ba shi mai jar leda. Don haka jan nan ba ya taɓuwa. Yana da lambarsa a kundin Pantone, kuma abin da aka gani a kwamfuta ba lallai shi injin ɗab'i zai fitar ba, tunda allo da haske yake haɗa launi, inji kuwa da tawada. Shi ya sa ranar buga samfurin farko, mai zane a gindin inji yake yini.

Kuskure a nan da tsada yake. Zanen leda a jikin silinda na ƙarfe ake sassaƙa shi, kowane launi da nasa. Harafi ɗaya ya karkace, sai an sake sassaƙa, ledojin da aka buga kuma sun zama asara. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma da tasu rigimar, domin yawancin salon rubutun da ke cikin CorelDRAW da Illustrator ba su da su.

Sai kuma yawan masu faɗa a ji. Sashen kasuwanci yana son a ƙara girman suna, lauyan kamfani yana neman lambar NAFDAC da nauyi da ranar ƙarewar amfani, kayan da za su Maraɗi kuma suna bukatar Faransanci. Talla ba ta fita sai hukumar ARCON ta tantance, wadda tun 1 ga Oktoba 2022 ta hana sa 'yan ƙasashen waje a tallace-tallacen Najeriya. Bayan duk wannan, oga yana iya duba wayarsa ya ce shuɗin bai kwanta masa ba.

Albashi yana zuwa duk wata, amma sunan mai zane ba ya fita a jikin leda. Matashin da ke sha'awar aikin ya fara koyon yadda inji ke buga launi da yadda ake kare ra'ayi a gaban manya, domin iya zane kaɗai ba ya riƙe mutum a ɗakin nan.