Ƙirar Jirgin Yaƙin Japan Yukikaze da Aikin da Ya Yi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wani jirgin ruwan yaƙi na Japan mai suna Yukikaze, wato "iska mai ƙanƙara", don mu nuna irin tazarar da ke tsakanin yaƙin da aka ƙera shi dominsa da kuma yaƙin da ya tarar. Jirgin yana cikin rukunin Kagero, masu matsakaicin girma da tsananin gudu, irin waɗanda Turawa ke kira distiroya.

Sai mu fara da dalilin ƙirarsa. Yarjejeniyar Washington ta 1922 ta ƙayyade wa Japan manyan jiragen yaƙi uku a kan kowane biyar na Amurka. Saboda haka hafsoshin ruwa na Japan suka tsayar da shawarar cewa in yaƙi ya ɓarke, ƙananan jirage za su afka wa rundunar Amurka cikin dare su rage mata ƙarfi, sa'an nan manyan jirage su gama da ita a gwabzawa guda ɗaya. A kan wannan tunani aka gina Yukikaze a Sasebo, aka tura shi ruwa a 1939, ya fara aiki a watan Janairu na 1940. Tsawonsa mita 118.5 ne, yana gudun kimanin kilomita 65 a sa'a, yana kuma ɗauke da igwa shida masu bakin milimita 127.

Amma ainihin makaminsa shi ne tofido, wato nakiyar da ke tafiya da kanta a ƙarƙashin ruwa. Yana da bututu takwas na harba samfurin 93, wanda ke aiki da iskar oksijin zalla. Don haka ba ya barin kumfa sosai a bayansa balle a hango shi, yana kuma iya cin kusan kilomita 40. A farkon yaƙi Amurkawa ba su yarda akwai tofido mai wannan nisa ba, sai da suka sha asara. A nan maƙeran Japan sun cancanci yabo. Inda suka yi sake shi ne sama da ƙarƙashin teku: igwoyin jirgin ba su ɗaga baki yadda za su dace da harbin jirgin sama, kuma tanadin farautar jirage masu nutso kaɗan ne ƙwarai.

Gwabzawar nan guda ɗaya da aka yi ta jira ba ta zo yadda aka tsara ba. Yukikaze ya yi yaƙin dare a Tekun Java a 1942 da Kolombangara a 1943, amma galibin kwanakinsa a rakiya da jigilar sojoji suka ƙare. Ya kwashi mutanen babban jirgin nan Hiei da ya nutse kusa da Guadalcanal a Nuwamba 1942. Yana cikin 'yan rakiyar Shinano lokacin da wani jirgi mai nutso na Amurka ya hallaka shi a Nuwamba 1944. Yana kuma tare da Yamato ranar 7 ga Afrilu 1945, sa'ad da jiragen sama suka nutsar da shi a hanyar Okinawa. Kafin nan ma an riga an cire masa igwa biyu daga baya, an cika gurbin da bindigogin kakkaɓo jiragen sama. A ganinmu wannan gyara amsa ce cewa ƙirar farko ta yi kuskuren gane abokin gaba.

Cikin jirage 19 na rukunin Kagero, shi kaɗai ya kai ƙarshen yaƙi. Japanawa kan ce jirgi ne mai sa'a, ko da yake akwai matuƙan da suka riƙa tsoron tafiya kusa da shi, tun da abin da yake raka ne ke nutsewa. Mu dai ba za mu jingina tsirarsa ga ƙira ba, domin 'yan'uwansa 18 ƙirarsu ɗaya da shi. Ƙwarewar matuƙa da rabon ganin gaba sun fi kusa da zama dalili.

Bayan yaƙi ya yi aikin mayar da Japanawa gida daga ƙasashen waje. A 1947 aka miƙa shi ga gwamnatin Sin ta Chiang Kai-shek a matsayin diyyar yaƙi, aka sake masa suna Dan Yang, ya ci gaba da aiki a Taiwan har 1966. Da aka wargaza shi, an mayar wa Japan angarsa, tana nan ajiye a Etajima.